Raunin Cikin Jiki a Bakin Aiki: Me Doka Ta Tanadar ma Iyalanmu?

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu na farko, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta gabatar a taron cikar ƙungiyarmu shekara 10 a garin Dutsi. Mun buga shi kamar yadda ta faɗa, sai ɗan gyara kaɗan, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, da kuma mazajenmu da 'ya'yanmu masu fita neman na kai.)



Hajiya Shugaba, uwar ƙungiya, wakilin mai girma Hakimi, jami'in kula da ƙungiyoyin gama kai na ƙaramar hukuma, iyayena mata, yayyena da ƙannena, da 'yan mazan da suka daure suka zauna can baya, ina yi maku barka da zuwa, ina kuma yi mana barka da ganin wannan rana. Shekara 10 ba kwana 10 ba ce. Cikin waɗanda muka fara zubin adashe tare, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Da Hajiya ta aiko mani cewa ni zan yi magana yau, na san abin da take jira shi ne awon ciki ko rigakafin yara, tunda su kuka saba ji daga bakina. Sai na roƙe ta ta bar ni in taɓo wani abu da ya daɗe yana ci mani rai. Kusan kowace mace da ke zaune nan tana da wanda ke fita aikin ƙarfi: miji, ko ɗa, ko ƙane. Wani yana gidan bulo, wani yana lodi a kasuwa, wani yana bin motar yashi, wani yana aikin hanya, wani ya tafi Kano ko Abuja ko Legas cin rani. Tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda ya biyo ta Daura ya nufi Katsina, matasanmu da yawa suka san aikin kamfani. Mu ma kanmu akwai malaman makaranta a cikinmu, da masu shara a asibiti, da masu aiki a sakatariya. To, in ɗaya daga cikinmu ya ji ciwo a bakin aiki, ciwon kuma na ciki ne wanda ido ba ya gani, me za a yi? Wa zai biya?

Abin da ya faru a gidanmu

Bari in fara da gidanmu, don kada ku ce daga takarda na karanto.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarun baya yana lebura a wani kamfanin gine-gine, ba zan kama suna ba. Wata Laraba suna sauke kaya daga mota, sai wani katako mai nauyi ya zame ya buge shi a gefen hagu, nan ƙasan haƙarƙari. Ya zauna ya riƙe wurin, aka duba, ba jini, ba karaya. Shugaban leburorin ya aika kemis aka sawo mashi maganin ciwon jiki, ya ce ya je gida ya huta. Matarsa, baiwar Allah, ta yi abin da kowaccenmu za ta yi: ta dafa ruwa ta gasa mashi wurin, ta shafa man zafi. Ni ina Katsina wurin aiki, ba wanda ya kira ni, don a ganinsu ai buguwa ce kawai. Washegari har ya koma aiki, saboda wanda bai fita ba ba a rubuta mashi ranar.

Ran kwana na uku ya tashi alwalar asuba, sai ya yanke jiki ya faɗi. Da aka kai shi asibiti aka yi hoton ciki, sai ga shi saifarsa ta fashe, jini ya taru a cikinsa. Cikin gaggawa aka shiga da shi tiyata aka cire saifar. Muka yi ta neman masu ba da jini. Awakin matarsa suka tafi, keken ɗinkinta ya tafi, ni ma na ci bashin albashina. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Amma har yau ba ya iya ɗaukar kaya kamar da, kuma wanda ba shi da saifa zazzaɓin cizon sauro kan yi mashi mugun kamu, don haka kullum damina hankalinmu ba ya kwanciya.

Yana kwance a asibiti wani ya zo daga kamfanin da 'yan kuɗi cikin ambulan, da wata takarda da Turanci. Ya ce a dangwala, shaida ce cewa an karɓa. Aka dangwala. Muka yi mashi godiya, har da addu'a muka raka shi. Ashe abin da takardar ke cewa shi ne mun yafe duk wani haƙƙi.

Sai bayan fiye da shekara uku, a wani taron bita, na ji wani jami'i yana bayanin dokar diyyar ma'aikata. Ina zaune ina lissafi a zuciyata, na ga lokacin da doka ta ɗiba ya riga ya wuce mana. Jama'a, ni da na yi aikin asibiti shekara da shekaru, ban san da wannan doka ba. To ina ga wadda ba ta taɓa shiga ofis ba? Shi ya sa na ce yau sai na amayar maku da abin da na sani.

Yadda ake gane raunin ciki

Kafin maganar kuɗi, maganar rai ce gaba. Mu a nan mun saba auna ciwo da jini. In jini ya zuba sai a ce a yi asibiti, in bai zuba ba sai a ce Allah ya kiyaye. Alhali cikin mutum yana iya ɗaukar jini mai yawa ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Saifa tana hagu ƙarƙashin haƙarƙari, hanta tana dama, ƙoda biyu suna ta baya wajen kwiɓi. Duka ɗaya mai ƙarfi, ko faɗowa daga kan gini, ko mota ta matse mutum da bango, ko saniya ta tunkuye shi, yana iya tsaga ɗaya daga cikinsu. Saifa kuma tana da wata halayya: takan tsage ta riƙe jinin na 'yan kwanaki, mutum yana yawo yana cin tuwonsa, sannan ta fashe gaba ɗaya. Abin da ya samu ƙanena ke nan.

Ga abubuwan da za ku lura da su ga wanda ya bugu a ciki, ko ƙirji, ko baya. Jiri, musamman in ya miƙe tsaye. Zufa mai sanyi. Tafin hannu da cikin ido su yi fari. Zuciya na bugawa da sauri. Ƙishirwa mai tsanani. Ciki ya kumbura ko ya yi tauri kamar allo. Jini a fitsari, ko a amai, ko bayan gida ya yi baƙi. Numfashi yana yi mashi wuya. Akwai kuma wata alama da mutane ba su sani ba: mutum ya bugu a ciki amma ya riƙa kukan kafaɗarsa ta hagu. Wannan jini ne ke taruwa a ƙarƙashin ƙirji, kada a tsaya murza kafaɗa. In kuma a kai ya bugu, ya fara amai, ko yawan barci, ko maganarsa ta rikice, shi ma haka. Mai juna biyu da ta faɗi ko ta bugu a wurin aiki, ko ba ta ga jini ba, ta je a duba ta a ranar, domin mabiyiya kan iya rabuwa daga mahaifa jinin ya ɓuya a ciki.

In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, don Allah a ajiye ruwan zafi, a ajiye man zafi, kada a kai wa mai ɗori. Kada a ba shi abinci ko abin sha, don mai yiwuwa tiyata za a yi. Kada a ba shi magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, domin suna iya ƙara zubar jini. A kwantar da shi, a nemi mota, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton ciki da ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini, ko Daura ko Katsina, wanda ya fi kusa. A tafi da 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini. Kuɗin mota na rana ɗaya bai kai kuɗin awaki da keken ɗinki ba, balle rai.

Akwai kuma raunin ciki mai zuwa a hankali, wanda ba a san ranar da ya fara ba. Mai fasa dutse da mai aikin siminti suna shaƙar ƙura, shekara da shekaru tana taruwa a huhu har numfashi ya gagara. Mai feshin maganin ƙwari a gona ba takunkumi ba safar hannu, gubar tana shiga ta fata da hanci. Mai ɗaukar buhu kullum yana iya samun gwaiwa ko ciwon ƙashin baya. Mai shara a asibiti in allurar da aka yi amfani da ita ta soke ta, tana iya ɗaukar ciwon hanta. Kun kuma tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, gubar dalma ta kashe yara kimanin 400. Ba wanda ya ga jini a can ma.

Abin da doka ta ce

Yanzu ga dokar. Sunanta Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010. Shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya sa mata hannu a watan Disamba na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1987. Hukumar da ke riƙe da asusun ita ce NSITF, ta gwamnatin tarayya, tana kuma da ofis a Katsina. Ku riƙe haruffan nan biyar, ku sa yaranku 'yan makaranta su rubuta maku.

Yadda abin yake kamar adashenmu ne, sai dai masu ɗaukar ma'aikata ne ke zubi. Duk wanda ya ɗauki mutane aiki, doka ta ce ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya kowane wata. Ku lura da kyau: daga aljihunsa zai zuba. Doka ta hana a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci da sunan wannan asusu. In mutum yana ɗaukar naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a kai a 2024, abin da ubangidansa zai zuba a kansa naira 700 ne a wata. Ko kuɗin kati ba su kai ba.

Su wa dokar ta shafa? Ma'aikatan gwamnatin tarayya, da na jiha, da na ƙananan hukumomi, da na kamfanoni manya da ƙanana. Ba a tsaya ga mai takardar ɗaukar aiki ta dindindin ba: lebura mai aikin wucin gadi yana ciki, mai aikin rabin yini yana ciki, yaro mai koyon sana'a yana ciki, har 'yar aikin gida in ba 'yar gidan ba ce. Ko da baki aka yi yarjejeniyar aikin, doka ta san da ita. Sojoji ne aka ware, su da nasu tsarin.

Wane irin rauni? Duk wanda ya samu mutum saboda aikinsa ko yana cikin yin aikinsa. Dokar ba ta ce sai an ga jini ko an yanke hannu ba. Saifar da ta fashe rauni ce, ƙodar da ta lalace rauni ce. Akwai kuma jerin cututtukan da aiki ke haddasawa a ƙarshen dokar, ciki har da ciwon huhu na ƙurar dutse, da na ƙurar auduga, da gubar dalma. Har kurumcewa saboda ƙarar inji an ambata. Wani abin da zai ba ku mamaki: hatsarin da ya samu ma'aikaci a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, ko wurin da ya saba cin abinci, ko wurin da ya saba karɓar albashi, shi ma yana ciki. Wato malamar da ta taso daga Dutsi za ta makarantarta a Kayawa ko Yamel, babur ya kayar da ita a hanya, tana da magana. Kuma ba sai ka tabbatar da cewa laifin ubangidanka ne ba. Tambayar kawai ita ce: a dalilin aiki ne ko a'a?

Me ake biya? Kuɗin magani da na asibiti. Diyya ta lokacin da mutum ya kwanta ba ya iya aiki. In ya naƙasa gaba ɗaya har ba zai sake aiki ba, ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa wata-wata, wato mai 70,000 zai riƙa samun 63,000. In naƙasar ba ta gaba ɗaya ba ce, likitoci su auna, a biya gwargwadonta. Akwai kayan taimako irin su ƙafar roba, akwai kuma koya wa mutum wata sana'ar da jikinsa zai iya. In kuwa ta Allah ta kasance, matar da ta dogara da shi, in tana da 'ya'ya biyu ko fiye, kashi 90 ne duk wata. In ɗa ɗaya ne, kashi 85. Rabon yara yana tafiya har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko. Iyayena, ku dubi zawarawa nawa muka tallafa wa a ƙungiyar nan da mudu biyu na gero, alhali mai yiwuwa wasunsu suna da haƙƙi kwance a Katsina ba su sani ba.

Lokaci: inda aka fi faɗuwa

Ga wurin da nake so kowa ta buɗe kunne, don nan ne muka faɗi. Lambobi uku ne: 14, da 7, da 1.

Kwana 14: cikinsu ne ma'aikaci zai sanar da ubangidansa cewa ya ji rauni, ko da ya gano cutar da aiki ya jawo mashi. In ba ya iya magana ko ya rasu, iyalinsa su sanar. A faɗi sunansa, da rana, da wuri, da yadda abin ya faru. Wanda bai sanar ba yana iya rasa haƙƙinsa, sai fa in hukuma ta gamsu cewa ubangidan ya riga ya sani ko akwai wani dalili makamancin haka. Kun ga haɗarin raunin ciki ke nan. Wanda inji ya yanke ma yatsa, kowa ya gani. Wanda katako ya buga, ya ce ba komai, ya koma aiki, in ya faɗi bayan mako guda sai a ce ai a gida ya kwanta, ina ruwan kamfani? Saboda haka ku gaya wa mazajenku da 'ya'yanku: ko buguwa ce suke ganin ƙarama, a faɗa a ranar, a rubuce. In ba takarda, a tura saƙon waya ga shugaban wurin, a bar saƙon kada a goge.

Kwana 7: cikinsu ne ubangida zai kai rahoto ga hukumar NSITF. In rasuwa ce, nan take.

Shekara 1: cikinta ne ake cike takardar neman diyya. In akwai uzuri mai ƙarfi hukuma na iya karɓa har zuwa shekara 3. Bayan nan ƙofa ta rufe, kamar yadda ta rufe mana.

Sai maganar dangwale. Doka ta ce duk wata yarjejeniya da ma'aikaci zai yi da ubangidansa cewa ya yafe wannan diyya, ba ta da amfani, kamar ba a yi ba. Wato takardar da ƙanena ya dangwala yana kan gadon asibiti ba ta isa ta hana shi komai ba. Rashin sani ne ya hana mu. Duk da haka, kada wanda ya sa hannu a takardar da ba a karanta mashi ba. A ce, "Mun gode, bari ɗanmu ya zo ya karanta." Mai gaskiya zai jira.

In hukuma ta yanke abin da ba ku gamsu ba, kuna da kwana 180 ku nemi ta sake dubawa. In har yanzu ba a daidaita ba, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana zama a Kano. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar gwamnati mai ba talaka lauya kyauta.

Abin da za a adana

A asibiti, magana ta farko da za ku faɗa wa likita ita ce, "A wurin aiki ya samu wannan," da rana da yadda aka yi. Ku roƙe shi ya rubuta a fayil. Ni na sani, abin da aka rubuta ranar farko shi ke da nauyi. In aka rubuta ciwon ciki kawai, gobe ba mai iya haɗa shi da katakon da ya faɗo. Ku adana katin asibiti, da sakamakon hoto, da kowane rasit, har na auduga. Ku riƙe sunayen mutum biyu da abin ya faru a gabansu. In da hali a ɗauki hoton wurin da waya. Katin shaidar aiki, da alat ɗin albashi, duk shaida ne cewa mutum ma'aikacinsu ne. Mu mata mun iya ajiya. Wadda ta iya ɓoye kuɗin adashe shekara guda ba wanda ya gani, ba za ta kasa adana takarda a ƙasan akwati ba.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maku ba

Kada ku tashi daga nan da zaton gobe da safe za a kira ku a miƙa maku kuɗi. Masu ɗaukar aiki da yawa ba su yi rajista ba, ba su kuma zubi, musamman ƙananan wurare irin namu. In ba a yi wa ma'aikaci rajista ba, neman haƙƙinsa yakan yi wuya, yakan kai ga kotu. Ko an yi rajistar ma, akwai zirga-zirga, akwai je-ka-ka-dawo. Sai an yi haƙuri, mu kuwa mutanen Dutsi bai kamata a koya mana yadda mai haƙuri ke dafa dutse ba.

Na kuma san abin da wasu ke faɗa a zuci: ƙaddara ce, mutum ya rungumi ƙaddara. Haka ne, mun yarda da ƙaddara mai kyau da marar kyau. Amma in ɓarawo ya kore maki akuya, ƙaddara ce, kuma kina cigiya. Wannan kuɗi ba bara ba ne, ba kuma cin amanar ubangida ba ne. Daga asusun hukuma ake biya, asusun da don wannan ranar aka tara shi. Wasu mazan kuma kunya ke hana su, wai kada a ce sun cika raki, wasu tsoron kada a sallame su. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. In maigida ya yi shiru, ke da za ki kwana kina jinya ki yi mashi magana ta lalama har ya faɗa.

Sannan mafi yawanmu nan ba ma'aikatan kowa ba ne. Mai ƙuli-ƙuli, mai awara, mai ɗinki, mai saƙa, kanki kike yi wa aiki, ba mai zuba maki kashi ɗaya. In kika faɗi da tukunyar mai, ke ce ubangida, ke ce lebura. Don haka dole mu yi wa kanmu tanadi.

Mu ma iyayen gida ne

Yanzu bari in taɓa mu, Hajiya ki yi mani afuwa. Ƙungiyar nan tana da injin niƙa da injin matsar mai. Yara nawa ke aiki a kansu? Muna biyan su, ko ba haka ba? To a idon doka mu ne iyayen gidansu. Rannan na shiga wurin injin, na ga bel yana gudu a buɗe ba murfi, yaro kuma yana gilmawa da riga mai faɗi. Na ga ƙurar gari ta rufe mashi gira, ba takunkumi. In bel ɗin nan ya fizge shi ya maka shi da ƙarfe, me za mu ce wa uwarsa, wadda wataƙila tana zaune cikinmu yanzu? Mu ma ambulan za mu kai mata? Bai kamata mu nemi adalci wurin kamfani mu kuma kasa yin sa a ɗan wurin da Allah ya ba mu iko ba.

Saboda haka ina kawo shawarwari biyar gaban wannan taro, a duba su a zama na gaba.

Na ɗaya, kafin ƙarshen wata a kira mai walda ya yi wa bel murfi, a sayi takunkumi, a hana aiki da riga mai reto.

Na biyu, Shugaba da Sakatariya su je ofishin NSITF a Katsina su tambayo yadda za a yi wa ma'aikatanmu rajista, su kuma gayyato jami'i ya zo ya yi mana bayani da bakinsa, mazajenmu ma su halarta.

Na uku, a buɗe asusun gaggawa daban da na jari, kowace memba ta riƙa jefa ɗan abin da aka amince a kai duk zubi. Ba a taɓa shi don biki ko suna. Na mota ne da hoton ciki da jini, a daren da ba a shirya ba. A kuma bincika yadda membobi za su shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na Jihar Katsina.

Na huɗu, a naɗa mata uku masu karatu, ɗaya a Dutsi, ɗaya wajen Shargalle, ɗaya wajen Sirika. Duk gidan da aka ji rauni a bakin aiki a sanar da su a ranar, su taimaka da rubuta sanarwa, su riƙa ƙirga kwanakin nan 14. Ni na ba da kaina, muddin ina da lafiya.

Na biyar, aikin gida ne. Yau da dare, bayan an ci tuwo, kowace ta tambayi mai fita aiki a gidanta: "Wurin aikinku an yi maku rajistar NSITF?" In bai sani ba, ya tambayo. Matambayi ba ya ɓata.

Na faɗa wa ƙanena zan ba da labarinsa yau. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ki faɗa, in dai zai hana a gasa wa wani ciki da ruwan zafi." To na faɗa, na sauke. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mana mazajenmu da 'ya'yanmu a duk inda suke nema. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara haɗa kanmu, ya nuna mana shekara 20 cikin rufin asiri. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe mani.